Wanda Aka Fansa Ya San Mai Fansarsa

Karatu: Fitowa 20:1-17, Luka 7:36-50, 1 Bitrus 1:13-21

  

Yau muna so mu yi tunani a kan kalma guda, wato fansa. Shekarun baya, in mai wa'azi ya zo kan wannan kalma, sai ya tsaya ya yi dogon bayani, ya koma zamanin bayi, ya ɗauko misali daga nesa. Yau a Kaduna ba sai an yi wa kowa bayani ba. Ɗan firamare ma ya san abin da ake nufi da kuɗin fansa. Da hawaye muka koyi ma'anar kalmar.

Ba mu manta da daren da ya waye ranar Litinin, 5 ga Yuli, 2021 ba, sa'ad da 'yan bindiga suka fasa makarantar sakandare ta Bethel Baptist da ke Damishi, a kan hanyar Kachia, suka kora ɗalibai 121 cikin daji. Iyaye suka taru a harabar makarantar, waɗansu a zaune, waɗansu a durƙushe, suna kuka suna addu'a, kwana da kwanaki. Ranar Lahadi, 25 ga watan, aka sako 28. Sauran kuma aka yi ta sakinsu kaɗan kaɗan, wata bayan wata. Na ƙarshensu bai ga gida ba sai a watan Nuwamba na 2023, bayan fiye da shekara biyu. Ba kuwa a kyauta suka fito ba. Iyaye da ikilisiyoyi sun yi ta karo-karo, mai ɗari ya kawo ɗari, mai dubu ya kawo dubu.

Abin da ya same su ya sami gidaje da yawa waɗanda jarida ba ta taɓa buga labarinsu ba. A wata ikilisiya da muka yi hidima, an ɗauke wani ɗan'uwa daga gonarsa a tsakiyar damina. Aka kira matarsa a waya aka yanka mata kuɗi. Ikilisiya ta tashi tsaye. Zumuntar mata suka juye asusunsu, matasa suka bi gida gida, dattawa suka ci bashi. Cikin masu bayarwa akwai wata gwauruwa mai 'ya'ya huɗu, wadda ba ta da kome sai injin markaɗe a ƙofar gidanta. Ta sayar da injin ta kawo kuɗin a ƙulle cikin gefen zane. Bayan mako uku mutumin ya dawo, ya rame, ƙafafunsa duk sun farfashe.

Ba wanda ya kafa masa doka. Majalisar dattawa ba ta zauna ta rubuta masa abin da zai yi ba. Amma tun daga ran nan, in damina ta faɗi, gonar matar nan yake fara nomewa kafin tasa. In rufin ɗakinta ya yi yoyo, shi ne a kan tsani. Bayan shekara ya haɗa kuɗi ya saya mata wani injin. Muka ce masa, “To, ɗan'uwa, yanzu kam ka sauke nauyi.” Ya dube mu ya ce, “Baba Fasto, wane nauyi? Ai ba inji ta bayar ba, abincin bakin 'ya'yanta ta bayar. Wannan kuwa ba a biyansa.” Har yau yana zuwa gonar.

Mun kuma ga irin ɗaya gefen. Akwai wanda aka fanso ta wannan hanya, amma bai yi wata shida ba ya sauya majami'a. Ba mugu ba ne. Kunya ce ta kore shi. Duk ran da ya shiga sujada, sai ya ga kamar kowane benci akwai mai binsa bashi. Ku lura da wannan da kyau, gama a nan maganarmu ta yau take. Wanda ake bi bashi yakan sauya hanya in ya hango mai binsa. Mai godiya kuwa yakan tsallake titi don ya gaisa. Dukansu biyu an yi musu alheri iri ɗaya, amma ɗaya ya ɗauke shi kaya ne a kā, ɗayan kuma ya karɓe shi ƙauna ce.

Yanzu mu buɗe Maganar Allah. A wasiƙarsa ta fari, sura 1, aya 18 da 19, manzo Bitrus ya tuna wa masu bi cewa an fanshe su, ya kuma faɗi abin da aka biya. Ya ce ba kuɗi ba ne, ko na azurfa ko na zinariya, gama waɗannan suna lalacewa. Jinin Almasihu ne. Abin lura shi ne inda Bitrus ya sa wannan magana. Ya sa ta a tsakiyar gargaɗi a kan zaman tsarki da biyayya. Wato sa'ad da yake neman dalilin da zai ba mutane don su rabu da tsohuwar rayuwa, bai ɗauko bulala ba, farashi ya nuna musu.

Sai dai mu yi hankali da misalinmu, gama ba ta kowane gefe ya yi daidai ba. Kada wani ya zaci Allah ya zauna ciniki da Shaiɗan, kamar yadda ake yi da mutanen daji ta waya. Waɗansu malaman ikilisiya na farko, irin su Orijin na Iskandariya a ƙarni na 3, sun koyar da cewa Shaiɗan aka ba fansar. Anselm, babban bishop na Kantabiri a Ingila, ya ƙi wannan koyarwa a wajen shekara ta 1098, muna kuwa ganin gaskiya na wurinsa. Ɓarawo ba shi da hakki a kan abin da ya sata. Laifinmu ga Allah muka yi shi, shari'arsa mai adalci ce ke kanmu. Wani bambanci kuma, yaran Bethel suna barci aka kwashe su, ba su yi kome ba. Mu kuwa da ƙafafunmu muka shiga dajin. Sa'an nan wanda ya fanshe mu bai tsaya daga nesa ya aiko da jakar kuɗi ba. Shi da kansa ya shigo, ya ba da ransa a madadinmu, kamar yadda ya faɗa a Markus 10:45.

To, in haka ne, me ya sa muke biyayya?

Ku duba yadda Dokoki Goma suka fara a Fitowa sura 20. Yawancinmu mun haddace su tun muna makarantar Lahadi, amma daga aya ta 3 muke farawa, mu tsallake ta 2. A aya ta 2 kuwa, kafin Allah ya ba da doka ko guda, sai da ya gabatar da kansa, cewa shi ne ya fito da su daga bautar Masar. Ku bi labarin daki-daki. Jinin ɗan rago yana sura 12. Ƙetare teku yana sura 14. Dutsen Sina'i sai a sura 19, a wata na uku bayan fitowarsu. Allah bai aiki Musa da allunan dutse zuwa wurin masu yin tubali ya ce su kiyaye waɗannan shekara ɗaya tukuna, in sun ci jarrabawa a fitar da su ba. Ya fitar da su suna gunaguni, sa'an nan ya koya musu zaman 'yantattu.

Littafin Maimaitawar Shari'a ya riƙe wannan dalili bai sake shi ba. A sura 15 an ce in ka 'yanta bawa kada ka sallame shi hannu wofi. A sura 24 an ce kada a danne hakkin baƙo da maraya, kada a karɓi tufar gwauruwa jingina, in kuma ka girbe gona ka manta da dami, kada ka koma ɗauka, ka bar wa matalauci. Dalilin da ake bayarwa a kai a kai ɗaya ne: ka tuna kai ma bawa ne dā, aka fanshe ka. Manzo Bulus ma haka yake gina wasiƙunsa. A Romawa ya ɗauki sura 11 yana bayyana jinƙan Allah kafin ya ce mu miƙa jikinmu hadaya a 12:1. A Afisawa sura uku na fari alheri ne zalla, daga ta 4 ne ya shiga zancen ƙarya, da sata, da fushi, da zaman aure.

Muna makarantar tauhidi aka nuna mana wani littafin tambaya da amsa da aka rubuta a birnin Heidelberg na ƙasar Jamus a 1563, domin koyar da yara da sababbin masu bi. Tambayoyi 129 ne, an kasa su kashi uku. Kashi na fari a kan wahalar mutum cikin zunubi, na biyu a kan fansa, na uku a kan godiya. Da za a ce mana mu sa Dokoki Goma a wuri guda, da yawancinmu a kashi na fari za mu sa su, wurin tsoratarwa. Su kuwa bayanin dokokin ɗaya bayan ɗaya a kashi na uku suka sa shi, tare da Addu'ar Ubangiji. A ganinsu, ƙin sata da ƙin zina hanya ce ta cewa na gode.

Kakanninmu a ƙasar nan sun san wata al'ada da ake kira murgu. Bawa yakan yi yarjejeniya da ubangidansa, a bar shi ya je ya yi sana'arsa, shi kuwa ya riƙa kawo wani abu a kai a kai. In ya yi ƙoƙari, yana iya tara abin da zai fanshi kansa da shi. Turawa ma da suka zo ba su kashe bauta rana ɗaya ba. Dokar 1901 ta ce 'ya'yan da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar 'yantattu ne, amma manya da yawa sai da suka biya fansar kansu a gaban alƙali, ba a kuwa soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai a 1936. Mai biyan murgu yana yawo a kasuwa kamar ɗa, amma shi ya san kansa, ya san ranar biya tana zuwa.

'Yan'uwa, bari mu faɗa wa juna gaskiya, da yawa cikinmu murgu muke biyan Allah. Muna zuwa sujada don kada ya yi fushi. Muna ba da zakka don kada ciwo ya shigo gida. Muna guje wa zunubi don tsoron kada a sa mu ƙarƙashin horo, a zaunar da mu a bencin baya. Mu masu wa'azi ma muna da laifi a ciki, gama tsoro yakan cika akwatin baiko da sauri fiye da godiya, mun kuwa san haka. Akwai kuma sabon salo, wanda ya juya abin ya zama kasuwanci, a ce ka ba Allah dubu ya mayar maka da dubu goma. Wannan da wancan duk ɗaya ne, dukansu lissafi ne. Mai biyan murgu kuwa ba ya ƙaunar ubangidansa. Yana neman mafi ƙanƙantar abin da zai bayar a ƙyale shi. Shi ya sa za ka ji mai bi yana tambaya, “Zakkar nan, kafin a cire haraji ne ko bayan an cire?” Ɗan'uwan nan mai noma gonar gwauruwa bai taɓa tambayar kunya nawa ya kamata ya yi ba.

A Luka sura 7, wani Bafarisiye mai suna Saminu ya gayyaci Yesu cin abinci. Wata mace da gari ya sani da zunubi ta shigo, ta jiƙe ƙafafunsa da hawaye, ta shafe da gashinta, ta zuba musu turare. Saminu ya ji ƙyama. Sai Yesu ya ba shi misalin mutum biyu da ake bi bashi, ɗaya dinari 500, ɗaya 50, aka yafe musu duka, ya tambaye shi wanne zai fi ƙaunar mai yafewar. Saminu ya amsa daidai. Abin tausayi shi ne, Saminu mai kiyaye doka ne ƙwarai, amma ko ruwan wanke ƙafa bai ba baƙonsa ba. Ya yi abin da ya wajaba, ya tsaya a nan. Matar kuwa ba wata doka da ta umarce ta da abin da ta yi. Bambancinsu ba a yawan zunubi kaɗai yake ba. Ita ta san girman nata bashin, shi kuwa yana ganin nasa ɗan canji ne. Mu da aka haifa cikin gidan masu bi, muka yi baftisma da ƙuruciya, muka shiga ƙungiyar mawaƙa, haɗarin Saminu ya fi kusa da mu.

Hausawa suna cewa yaba kyauta tukwici. Ku yi tunani a kan yadda ake ba da tukwici. In babban mutum ya aiko maka da rago, ba ka aika masa da kuɗin rago, wannan zagi ne. Ɗan abin da ka samu kake ba yaron da ya jawo ragon zuwa ƙofarka. Tukwici ba farashi ba ne, shaida ce cewa kyautar ta iso, an kuma ji daɗinta. Allah ba ya bukatar kome daga hannunmu. Amma yakan aiko mutane ƙofarmu, a hannunsu ne tukwicin yake faɗawa.

A nan ne maganar take zama da wuya. A Matiyu 18 Yesu ya ba da labarin baran da sarki ya yafe wa talanti 10,000. Talanti ɗaya dinari 6,000 ne, dinari ɗaya kuwa ladan lebura ne na yini guda. In ka lissafta, lebura mai aiki kwana 300 a shekara zai yi shekara 200,000 kafin ya biya. Baran nan yana fita daga fada ya ci karo da abokin aikinsa da yake bi dinari 100, wato aikin wata huɗu, ya shaƙe shi a wuya. Muna karantawa mu girgiza kai. Amma tun da masaƙun Kakuri suka durƙushe, masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, waɗansu kuma suka bi bayanta, unguwanninmu sun cika da tsofaffin ma'aikata da gwauraye da ba su da abin biyan haya. Mai gidan da ke watsa kayansu waje ran Asabar, sau da yawa shi ne ke karanta Littafi a majami'a ran Lahadi. Ba mu ce kada mai gida ya karɓi hayarsa ba, shi ma yana da iyali. Muna tambaya ne ko hannun da ke ƙwanƙwasa ƙofar ya tuna abin da aka yafe masa. Haka mai shago a kasuwar Sabon Tasha da mudunsa, haka malamar asibiti da marar lafiyan da ba shi da kowa, haka uwar gida da yarinyar da aka kawo mata daga ƙauye tana aiki ba makaranta.

Akwai kuma kogi. Kafin rikicin Fabrairu na 2000 da na Nuwamba 2002, da yawa cikinmu a Tudun Wada da Rigasa da Kawo muke zaune. Mun ƙetaro gada da abin da muka iya ɗauka, maƙwabtanmu Musulmi na wannan gefe su ma suka ƙetara can da nasu. Kowane gefe ya binne nasa. Mun san akwai masu jinmu yanzu da suka rasa gida, ko miji, ko ɗa, ba kuwa za mu yi musu maganar gafara da sauƙin baki ba. Doka kaɗai ba ta iya sa mutum ya gafarta irin wannan. Tsoron horo ma ba ya iyawa. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a wannan rikici. A 1995 suka haɗu, daga baya suka kafa cibiyar sulhu a garin nan, suka yi ta aiki tare. Duk mai bin da ya taɓa bin wannan hanya zai gaya maka ba da ƙarfin hali ya fara ba. Romawa 5:10 ta ce muna abokan gāba ne aka sulhunta mu da Allah. Wanda wannan ta shiga zuciyarsa ne kaɗai yake iya duban ƙetaren kogi ya ga mutane.

Wani zai ce, “Fasto, mu fa mun biya, namu bai dawo ba. Godiyar me za mu yi?” Akwai gidaje irin wannan. A Janairu 2020 an sace ɗalibai huɗu daga makarantar horon firistoci ta Good Shepherd da ke Kakau, uku suka dawo, aka kashe ɗaya, Michael Nnadi, yana da shekara 18. A Afrilu 2021 an kashe biyar daga ɗaliban jami'ar Greenfield da aka sace. Ba mu da amsar da za ta share wannan hawaye, ba kuwa za mu ce wa uwa ta yi rawa a kan kabari ba. Zabura cike take da kuka, Allah bai tsauta wa masu yinsa ba. Abin da muke iya faɗa shi ne, fansar da aka biya a kan gicciye ba irin wadda ake karɓa a saɓa alkawari ba ce. An biya, kabari kuwa ya saki wanda ya riƙe a rana ta uku, zai kuma saki namu. Mun ga iyaye mata da suka rasa nasu, amma in an ɗauke ɗan wani, su ne na farko a gidan da tukunyar abinci. Ba wanda ya aike su.

Mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin Ɗanka da ka bayar saboda mu. Ka gafarta mana inda muka mai da kai mai bin bashi, muka riƙa ɓuya daga fuskarka. Muna roƙo domin waɗanda suke kwana a daji a daren nan, ka kiyaye ransu, ka dawo da su. Ka ta'azantar da gidajen da suka jira ba su gani ba. Ka juyo da zuciyar masu riƙe da bindiga, gama su ma jinin nan ya isa ya fanshe su. Ka ba shugabanninmu hikima da tsoronka. Ka sa salama a Kaduna, kudu da arewa. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu, Amin.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya bar mu da rai, za mu duba wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon. Sura ɗaya ce tak, aya 25. Ku karanta ta tare da iyalinku kafin lokacin. Ubangiji ya ba mu alheri.